Gwangwanin Alawa

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da abin da ke cikinki. Mu nan da sauƙi. Yayanki lafiya lau, sai dai walda ta sake taɓa masa ido, yana ta yawo da baƙin tabarau kamar wani babban mutum. Matarsa lafiya. Ƙaramin ɗansu yana haƙori, ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi. Kawunki tarin nan bai sake shi ba, kuma ya ƙi asibiti, wai sanyi ne. Ni ƙafata ce ke kumbura in na gama sharar azuzuwa, amma in na ɗora ta kan bokiti takan sauka.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Malamar da ke koya mini bayan an tashi makaranta ta ce na samu ci gaba, sai dai ina yawan manta ƙugiyar da ake sa wa wasu baƙaƙe. Rannan ta rubuta mini bari da ɓari a allo, ta ce in duba bambancinsu. Tun daga ranar, in zan rubuta miki sai na bi kowane layi da yatsa sau biyu.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Wayar ta yayanki ce, kuma da na kara ta a kunne matarsa za ta fito da tsintsiya tana share inda ta riga ta share. Gara takarda. Direban motar kayan da ke kai miki ita ba ruwansa da karatu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kina shan alawarki kuwa? Kin san abin da nake nufi, maganin nan namu na garkuwar jiki da muke karɓa a ƙofar baya ta asibiti. Tun kina ƙarama nake ce masa alawa don ki haɗiye ba kuka, kuma don in na kira ki a tsakar gida kada maƙwabta su ɗaga kunne. Yau ga ki da ciki, amma bakina bai iya masa wani suna ba, hannuna ma haka. Allah kuma da ikonsa sai ya haɗa ki da ma'aikacin kamfanin alawa, ko wa ya ji muna maganar ba zai kawo komai a ransa ba.

Lokacin da nake da cikinki ban san ina ɗauke da cutar ba, ba wanda ya gwada ni, shi ya sa kika ɗauka a wajena. Ke kin sani, kuma magani yana hannunki. An ce in uwa tana sha kullum, ɗan yakan fito lafiyarsa ƙalau. Ba ni da wani buri da ya wuce wannan. Kada amai ko kasala su sa ki tsallake.

In kin karanta ki yaga. Ki gaida maigidanki.

Innarki

*

Inna,

Na samu takardarki, na yage ta kamar yadda kika ce. Rubutunki ya yi kyau, duk ƙugiyoyin suna inda ya kamata. A gaida Yaya mai tabarau, a ce wa Kawu in bai je asibiti ba, zan sa wa yaron nan sunan wani.

Ni dai ga ni nan. Gajiya ce kawai, in na hau benen nan namu sai na zauna a tsakiya na huta. An tura maigidana sabon reshen kamfani, sai ƙarshen wata zai dawo. Don kada in zauna ni kaɗai ya ɗauko babbar yayarsa, wadda ta raine shi, ta zo ta tare da ni. Tana da kirki, amma ko banɗaki na daɗe sai ta ƙwanƙwasa. A ɗaki ɗaya muke kwana.

Shekaranjiya aka yi mini gwajin sukari a wajen awo. Sun ce in zo ban ci komai ba, suka haɗa mini ruwan sukari kofi guda, mai zaƙi har yana hawa kai, na shanye, sannan suka ɗebi jini suka ce ina da sukari. Na ce wa nas ɗin, to ai ku kuka zuba shi yanzu. Ta yi dariya, ta ce jikin mai lafiya yakan sauke shi da wuri, nawa ne ya riƙe.

Likita ta ce sukarin ciki ne, in ba a kula ba yaro yakan yi girma da yawa, haihuwa ta yi wuya. Ta rage mini shinkafa da burodi, shayi ba sukari. Alawa kuwa ta hana ni sam, har sai na haihu. Na ji ba daɗi, don na saba, amma tun da na bari jikina ya ɗan yi sauƙi.

Direba yana ta danna hon a ƙasa. Sauran magana sai ta gaba.

Auta

*

Auta,

Kowa lafiya. Ba zan tsaya lissafa su ba.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin makaranta, na sake karantawa a ɗakin ajiye tsintsiya, na ce ko ni ce ban iya karatu ba. Amma layin yana nan yadda yake. Kin ce likita ta hana ki alawa har ki haihu, kuma kin bari.

Na san akwai baƙuwa a gidan, don haka ba zan yi dogon bayani ba, ke kin san yarena.

Ban yi shara ba ranar. Na tafi wajen mutumin da nake karɓar tawa alawar, na jira layi ya ƙare, na tambaye shi ko ana hana mai ciki saboda sukari. Ya cire gilashinsa ya dube ni. Ya ce, Mama, wa ya faɗa miki haka? Na ce wata ce a nesa. Ya ce akwai irin da kan ɗan ɗaga wa wasu sukari, gaskiya ne, amma in haka ta faru canja wa mutum wani iri ake yi, ba a dainawa. Ya ce ciki da kansa yana kawo wa mata da yawa sukari, waɗanda ba su taɓa ganin irin alawarmu ba. Sukari ana lallaɓa shi da abinci, in ya ƙi a haɗa da magani ko allura. Amma mai ciki ta bar alawa, ya ce wannan shi ne babban haɗari ga yaron, musamman yanzu da wata ya yi nisa. Ya ce ko dai matar ba ta ji likita daidai ba, ko kuma a koma a sake tambaya.

To ki ji ni. Ki koma sha yau ɗin nan. Kada ki jira ranar awo. Na san inda kike ajiye ta, gwangwanin madarar nan da kike naɗewa a tsohon zani a ƙasan akwatinki. Ki ɗauko ki sha, kullum, a lokacin da kika saba, ko wa ya hana. In kina jin nauyin idon mutane ki sha a banɗaki. Sannan ki koma wajen likitar ki ce uwarki ta ce a canja miki wani iri in wannan ne ke ɗaga sukarin.

Kin ce jikinki ya yi sauƙi da kika bari. Ni ma na taɓa jin irin wannan sauƙin, ba ya daɗewa.

Na gaji, Auta. Tun kina goye nake fama da abu ɗaya, ban so in ga an sake shi a kan jikana. Ki ba direba amsa a wannan zuwan.

Innarki

*

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ce yayar mijin Auta. Ba mu taɓa zama ba sai ranar ɗaurin aure, amma ina jin alherinki a bakin ƙanina.

Takardarki ta iso Auta tana barci. Direba ya ce kin ce da gaggawa, na ɗauka rasuwa aka yi, shi ya sa na buɗe don in san yadda zan faɗa wa mai ciki. Ki yafe mini wannan. Amma da na karanta sai na gode wa Allah da ya sa a hannuna ta faɗo.

Mama, ke babba ce, ba zan yi miki rashin kunya ba. Sai dai likita ta yi karatu, ta auna jini, ta ce a bar zaƙi. Ke kuma kin je kin tambayi mai sayar miki da alawa. Me kike so ya ce? Ya ce a daina saye? Har da wani a canja iri, kamar mai ɗanɗanon lemo ta fi mai madara tausayi.

Mahaifiyarmu sukari ne ya ci ta. Da yatsa ya fara, aka yanke, ya hau ƙafa, aka yanke. Ni na yi jinyarta, ni na riƙa wanke ciwon. Ita ma haka take ɓoye zaƙi a ƙarƙashin matashi, masu sonta suna kawo mata a ɓoye. Ban yarda in sake gani ba, balle a kan ɗan ƙanina na fari.

Buhun ɓararriyar alawar da yake kawo mata daga kamfani tuni na raba wa yaran bene. Ashe akwai wata a ɓoye. Na duba inda kika ce, na samu gwangwanin. Na girgiza na ji ya kusa cika. Ban buɗe ba, ni ma ba a barina da zaƙi, kada in zama mai gadi mai ɗanɗanawa. Na sa shi a akwatina na kulle, makullin yana ƙuguna. Ranar suna zan ba ta, ta shanye duka in tana so.

Ta yi kuka da ta farka, kuka sosai, kamar yarinyar da aka ƙwace wa abin wasa. Wannan ya nuna mini yadda abin ya shiga jikinta. Ki taya ni da addu'a, kada ki taya ta da shagwaɓa. Ina kula da ita kamar 'yar cikina, duk inda za ta ina tare da ita.

A gaida mutanen gida.

Yayar mijin Auta

*

Inna,

A kan bencin awo nake rubuta wannan, a bayan wata takarda, Yaya, yayar maigidana, ta fita sayen ruwa.

Alawa, Inna. Alawa ta gaske, ta leda, wadda ake tsotsa. Wadda suka fashe a inji, ake ba ma'aikata. Tun da cikin nan ya shiga wata huɗu ba abin da nake so kamarta, kwano guda nake ajiyewa kusa da gado. Ita ce likita ta hana. Maganinmu ko sau ɗaya ban tsallake ba, ko ranar da na yi ta amai sai da na sake tambayar nas yadda zan yi. Likitar ma ta duba irin da nake sha, ta ce ba ta ga dalilin canja shi ba, in ci gaba. Gwajin jinina na baya ya yi kyau, sun ce cutar ta kwanta har ba a ganinta. Duk wannan na so in rubuta miki, hon ɗin direba ya katse ni.

Ban tsallake ba sai da takardarki ta zo.

Ban faɗa don in ɓata miki rai ba. Na rasa wanda zan faɗa wa ne. Kwanaki na yi ban sha ba, ina kwance ina kallon akwatin Yaya, yaron yana motsi. Na ce mata maganin ƙarin jini ne a ciki, ta ce haka mahaifiyarsu take cewa. Na kira maigidana, ya ce in yi haƙuri ya dawo ya san yadda zai ɓullo mata. Ya san komai tun kafin aure, bai taɓa canja mini fuska ba, amma a gaban yayarsa yaro ne ɗan firamare. Ƙofar da ake karɓar magani kuwa kowa ya san ta, ba yadda zan shiga Yaya tana biye da ni da jakata a hannu.

Yau da aka shigar da ni ɗakin awo ni kaɗai na faɗa wa nas. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaga da kanta ta karɓo mini kaɗan, ta zuba a ledar maganin ƙarin jini. Na sha ɗaya a gabanta. Zai kai ni Alhamis. Ta ce daga nan dole in je da kaina a sake ɗibar jini a ga ko cutar ta ɗaga kai, kuma ba za a yi ta wannan ɓoye-ɓoyen har haihuwa ba, don jaririn ma za a ba shi nasa na ruwa in ya zo. Wa zai riƙe shi in ina wanka? Yaya ce.

Na buɗe baki zan faɗa mata ya fi a ƙirga. Sai in ga tana yanka mini kabeji ƙanana-ƙanana, tana auna mini shinkafa da murfin kwano, sai maganar ta koma. Na gaji. Sukari a gefe, wannan a gefe, ga bene.

In za ki iya, ke ki faɗa mata. Na yarda. Ai ta fi ni karanta takardunki.

Auta

*

Zuwa ga Yayarsu,

Ina gaishe ki, ina gode miki da ɗawainiyar 'yata. Mu nan lafiya, sai kawunta da tari ya kwantar, jiya aka kai shi asibiti yana faɗa. Allah ya ji ƙan mahaifiyarku. Ban san haka ta sha wuya ba.

Da girma na koyi rubutu, ba na iya lanƙwasa magana a takarda yadda masu ilimi suke yi. Don haka zan faɗa a miƙe. Auta ce ta ba ni izini. Ki zauna in kina tsaye.

Abin da ke cikin gwangwanin nan ba alawa ba ce. Magani ne. Maganin ƙanjamau.

Wannan ne karo na farko da na rubuta kalmar. Ban tambayi malamata yadda ake haɗa ta ba, in na yi kuskure ki gane.

Ni ce nake da ita tun farko. A wajena Auta ta samu, tana ciki ko tana nono, ban sani ba. Ba ta yi komai ba, ba ta je ko'ina ba. Ƙaninki ya sani kafin ya kawo gaisuwa, tare suka je asibiti, an gwada shi lafiyarsa ƙalau, kuma har yau haka yake, saboda tana shan maganinta. Bai faɗa miki ba don yana jin nauyinki. In za ki yi fushi ki fara da ni.

Mutumin da kika ce mai sayar da alawa ne, mai ba da magani ne a asibitinmu. Yau ma na koma wajensa. Na so in raba nawa biyu in aiko mata, ya hana, ya ce ba lalle iri ɗaya muke sha ba, kuma mai ciki ba a yi mata canji da ka. Ya ce in faɗa miki abu biyu. Maganin nan shi ne katangar da ke tsakanin cutar da yaron, duk ranar da aka tsallake an rage mata bulo. Na biyu, ba a ɗaukarta a kofi, ko kwano, ko kwana ɗaki ɗaya. Ni a gidan ɗana nake, da hannuna nake ba jikokina abinci.

Kan maganar sukari ke ce da gaskiya, ni ce na karanta ba daidai ba. Ki ci gaba da hana ta zaƙi, ki ci gaba da auna mata abinci. Ban taɓa samun wanda ya tsaya mata haka ba. Yadda kika tsare ta daga wancan, haka nake roƙon ki tsare ta a kan wannan. Ki tambaye ta kullum ko ta sha. Ni shekara da shekaru nake tambaya, daga nesa, kuma kin ga inda tambayata ta kai mu.

Abin da nas ta ba ta zai ƙare ranar Alhamis. Ranar ce kuma za a ɗebi jininta a ƙofar baya ta asibiti. Ba ta taɓa shiga ƙofar nan da wani a gefenta ba, sai ni.

Ban san ki ba sosai, ban san yadda za ki ɗauki wannan ba. In kin ji ba za ki iya zama da ita ba, ba zan zage ki ba. Amma ki buɗe akwatin tukuna, ki sa mata gwangwanin a hannu, sannan ki haɗa kayanki. Zan nemi izini a makaranta in hau motar kaya in zo, ko ƙafar ta yarda ko ba ta yarda ba.

Direba zai juyo ranar Laraba. Ki ba shi amsa kafin Alhamis. Ba sai kin yi mini dogon rubutu ba, ina jinkirin karatu, kuma kin ga ina fahimta a karkace. Ki rubuta mini kalma biyu da manyan baƙaƙe: ta sha.

Mahaifiyar Auta